Sanarwa: Ziyarar tsohuwar masana'antar alewa a Bompai

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Mai wurin ya ba mu izini a rubuce. Ranar Asabar in sha Allahu za mu shiga tsohuwar masana'antar alewar nan ta Bompai, mu ɗauki hotunan injinan kafin ƴan jari-bola su gama da su. Haɗuwa ƙarfe 7:30 na safe a bakin ƙofa, fita ƙarfe 11. Kowa ya tura wa ma'aji ₦2,000 kafin Alhamis, kuɗin mota da goron maigadi.

A zo da tocila, takunkumi, safar hannu da takalmi mai kaurin ƙasa, ban da silifas. Wanda ya shekara 10 rabonsa da allurar tetanus ya je ya yi.

Abin da ya fi damunmu shi ne tankunan narka sukari. Ragowar maɗi da ruwan sama kan ruɓe a ciki, su fitar da iska mai nauyi da ke kwanciya a gindin tanki, ba launi, ido ba ya ganinta. Mutum na sauka sai ya yanke jiki ya faɗi, wanda ya bi shi ceto ma haka. Don Allah ko kai kada a zura. Matakalar ƙarfe kuwa, tsatsa kan cinye ta ta ƙasa alhali fenti na nan lafiya lau a sama, don haka ba hawa. Rufin asbestos da ya faɗo kada a fasa, ƙurarsa na illata huhu.

A bar turare a gida, akwai ƙudan zuma. Tafiya bibbiyu, kuma ko ƙusa ba a ɗauka.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.

Shugabannin rukuni