Mai taɓin hankali likita yake buƙata kafin kaso

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in faɗi abin da ya sami ɗan ƙanena a nan Tahoua, domin na san ba gidanmu kaɗai ke ɗauke da irin wannan nauyi ba.

Yaron ya daɗe yana shan maganin taɓin hankali, da kuɗi suka yanke aka daina saye, sai ciwon ya tashi. Wata ranar kasuwa ya fita da sanda a hannu yana ihu, ya fasa gilashin wata mota, jama'a suka yi masa ca da duwatsu. Ƴan sandan da suka zo su ne suka ƙwace shi daga hannun mutane, kuma har gobe ina gode musu. Sai dai bayan an sa masa ankwa, an kulle shi kwana biyu a ɗaki ɗaya da waɗanda ake zargi da sata, ba wanda ya tambaye mu wane magani yake sha, saboda an riga an yanke cewa tramol ne ya bugar da shi. Ranar da aka sake shi, ko mahaifiyarsa bai gane ba.

Ban ga laifin jami'in da ke aiki a daren ba, don an koya masa kama mai laifi, ba a koya masa kwantar da hankalin majinyaci ba. Amma dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu ta ɗauke laifi daga wanda ya aikata abu cikin gushewar hankali, kuma Ƙa'idojin Nelson Mandela kan yadda za a kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun tanadi cewa likita ya duba duk wanda aka kai kaso da zarar ya shiga, a mayar da mai tsananin ciwon ƙwaƙwalwa asibiti, kada kuma a kulle shi shi kaɗai idan hakan zai tsananta ciwonsa.

Sashen masu taɓin hankali da kowa ya sani, wato Pavillon E na babban asibitin Yamai, yana nesa da mu fiye da kilomita 500. Talaka ba ya iya wannan tafiya da ɗa mai fizge-fizge, shi ya sa wasu iyaye ke komawa ga mari da turu, suna kuka suna ɗaurewa.

Roƙona ga hukumomi shi ne kowane ofishin ƴan sanda da na jandarma ya samu lambar ma'aikacin lafiya da za a kira dare ko rana kafin a rufe ƙofa kan irin wannan mutum. A koya wa jami'ai, har da askarawan da ke tsaron gidajen kaso, su janye taron jama'a, mutum ɗaya ya yi magana da shi cikin taushin murya, a nemo dangi, sannan a bar maganinsa ya bi shi duk inda aka kai shi.

Wani mai karatu,
Tahoua