Rahoton Ayyukan Shekara na Rundunar Sikawut ta Unguwarmu, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu masu kula da wannan runduna, malamai jagorori, iyayen yara maza da mata, da ku 'yan sikawut manya da ƙanana, muna yi muku barka da ganin ƙarshen wata shekarar aiki. Kwamitin gudanarwa ya umarce ni, a matsayina na sakatare, da in rubuta abin da muka yi bana domin a sanya shi a dandalinmu kowa ya karanta kafin babban taro. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun Malam Ma'aji, shi zai karanta shi ranar taro da rasitansa, don haka ba zan tsaya kansa ba sai kaɗan.

Babban aikin bana shi ne raba runduna bisa shekaru, kuma a kansa zan fi daɗewa, domin shi ya fi jawo magana tsakaninmu.

Abin da ya sa muka raba

Waɗanda suka je sansanin bara ba sa buƙatar dogon bayani. Mun kwantar da ɗan shekara 8 da ɗan shekara 17 a tanti guda. Ranar da muka yi tafiyar ƙafa ta wajen madatsar ruwan Gubi, ba mu ci rabin hanya ba ƙananan suka fara zama a gindin bishiya, wasu na kuka, dole manya suka goya su. Da muka dawo sansani kuma abin ya juya: ƙananan ne masu ɗebo ruwa, masu wanke tukunya, masu zuwa aike, manyan na zaune suna ba da umarni. Bayan sansanin wani babban yaro ya daina zuwa. Da na same shi a gida ya ce mini, "Malam, ni fa sikawut na shiga, ba raino ba." Ban sami abin ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa.

Da muka zauna nazari sai muka ga wannan ciwo tsoho ne. Lokacin da Baden-Powell, Baturen da ya ƙirƙiro ƙungiyar sikawut, ya kafa sansaninsa na gwaji a tsibirin Buraunsi na Ingila a watan Agustan 1907, yara 20 ya ɗauka, ya raba su ayari huɗu, kowane da jagoransa daga cikin yaran: Kerkeci, Bijimi, Hankaka, da wani tsuntsun bakin ruwa. Da harka ta bazu daga 1908, ƙannen 'yan sikawut suka riƙa bin yayyensu wurin taro, ana kora suna dawowa. A 1916 aka buɗe musu nasu rukunin mai suna 'ya'yan kerkeci, wanda a nan muke ce wa 'yan kob. Sai kuma matsalar ta ɓullo ta ɗaya bakin: waɗanda suka girma, suka fi ƙarfin wasan yara amma ba sa son ajiye ƙyallen wuya. Su aka yi wa rukunin Roba a 1918. Yaranmu har yau dariya suke yi wa sunan, wai ko robar ɗebo ruwa ce. Ma'anarsa dai mai yawo, matafiyi. Ke nan cikin shekara goma sha ɗaya kacal ƙungiyar ta gane cewa tukunya ɗaya ba za ta dafa wa kowa ba. Sikawut ta shigo Najeriya a 1915, mu kuwa a unguwar nan sai bana muka yi abin da ya kamata tun ranar da aka kafa mu.

Yadda wasu ƙasashe suke yi

Kwamiti ya ba ni aikin duba yadda ake yi a wasu wurare, na kuma gabatar a zamanmu na farkon shekara. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙungiyar sikawut ta duniya ba ta yanke wa kowa shekaru ba. Kowace ƙasa ita ke tsara nata, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

A Birtaniya yanzu rukuni shida gare su. Suna farawa da 'yan shekara 4 zuwa 6 da suke kira kurege, wanda sai a 2021 aka buɗe shi. Daga 6 zuwa 8 akwai masu sunan wata dabbar ruwa da ke gina madatsa da itace, sai 'yan kob daga 8 zuwa 10 da rabi, sikawut zalla daga 10 da rabi zuwa 14, masu bincike daga 14 zuwa 18, sannan na ƙarshe daga 18 zuwa 25. Ostireliya na kiran ƙanananta da sunan ɗan kangaru, Afirka ta Kudu kuma da sunan wata 'yar dabba dangin tunku. Larabawa na ce wa 'yan kob Ashbal, wato 'ya'yan zaki, manyan kuma Jawwala. Indonesiya, wadda ƙungiyarta Pramuka ta fi ta kowace ƙasa yawan mambobi, matakai huɗu take da su: Siaga daga 7 zuwa 10, Penggalang daga 11 zuwa 15, Penegak daga 16 zuwa 20, da Pandega daga 21 zuwa 25.

Amma wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne na Kenya, ƙasar da kabarin Baden-Powell yake, a garin Nyeri, tun rasuwarsa a 1941. Su da harshen Sawahili suka raɗa sunayensu. Ƙanana su ne Sungura, wato zomo. Na biye Chipukizi, wato sabon toho. Sai Mwamba, dutse. Sai Jasiri, jarumi. Yaro ya ji sunan, ya san inda yake ya kuma san inda za shi. Na ce wa kwamiti mu da ba mu taɓa ganin kerkecin Turai ba, me zai hana mu ma mu yi wa ayarinmu suna da abin da muka sani? Shi ya sa kuka ga tutocin Barewa, Shaho, Giwa da Damo a faretinmu. Ayarin Damo sun yi ƙorafi da farko, sai da aka tuna musu cewa damo sarkin haƙuri ne.

Wani dattijo cikin iyayenmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce duk wannan yawon da na yi a duniya, da na leƙa tsangayar bayan gidansa da na huta. Ai kolo ba ya zama a layin titibiri, titibiri ba ya zama a layin gardi, kuma gardin ne ke biya wa kolo allonsa. Daga wannan magana iyayen da ke ɗari-ɗari da tsarin suka sauko.

Namu tsarin

Mun tsaya a kan rukuni huɗu: 'yan kob daga 7 zuwa 10, matsakaita daga 11 zuwa 14, manya daga 15 zuwa 17, sai 'yan Roba daga 18 zuwa 25. Ba mu buɗe rukunin 'yan ƙasa da shekara 7 ba, kuma ba mu da niyya nan kusa. Ba mu da jagororin da za su iya, kuma ɗan shekara biyar wurin mahaifiyarsa ya fi dacewa da shi ranar Asabar.

Yanke shekaru a takarda bai yi wuya ba. Sanin shekarun yaran shi ne ya sha mana kai. Da yawa ba su da takardar haihuwa. Wasu sun kawo takardar rantsuwar kotu wadda kallo ɗaya za ka yi wa yaron ka san an rage masa ko an ƙara. Wata baiwar Allah ta ce ɗanta dai shekarar da aka yi ambaliya a ƙauyensu ta haife shi, muka yi ta lissafi da ita har muka dace. Sai wani jagora ya kawo shawarar mu bi aji, kamar yadda Amurka ke raba 'yan kob ɗinta aji-aji. Mun gwada na wata biyu, abin bai yiwu ba. A can kusan duk 'yan aji ɗaya sa'o'in juna ne. A nan muna da yaro mai shekara 14 a aji huɗu na firamare, domin sai da ya sauke Alƙur'ani aka sa shi boko. Ya fi malamin 'yan kob ɗin tsawo, ya iya girki, ya iya kwana a daji, ya yi tafiyar da mu ba mu yi ba. A sa masa hular 'yan kob a ce ya yi tsalle da 'yan shekara takwas, cin fuska ne. Matsayar da muka cimma ita ce shekaru ne a gaba, in an rasa tabbaci jagorori biyu da mahaifi su zauna su dubi yaron kansa, kuma akwai sassaucin wata shida sama ko ƙasa. Wancan yaron yanzu shi ne jagoran ayarin Shaho.

Mun kuma yi bikin ƙetarewa karo na farko. Aka shimfiɗa igiya a tsakiyar fili, 'yan kob da suka kai suka yi sallama da malaminsu, suka tsallaka, jagoran sabon ayarinsu ya tarbe su da musafahar hannun hagu irin ta sikawut. Game da hannun hagun nan an yi tambaya, mun kuma bayyana wa iyaye cewa a filin sikawut kaɗai ake yin sa, ba wanda zai koma gida ya miƙa wa babba hagu.

Abin da kowane rukuni ya yi

'Yan kob sun yi taronsu na Asabar, awa ɗaya da rabi, rabi wasa rabi koyo. Sun koyi ƙulli uku, wanke hannu, tsallaka titi, da haddace lambar wayar gida. Mun kai su ziyara kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Najeriya na farko, suka dawo da tambayoyin da suka fi ƙarfin jagoransu. Ba su kwana a waje ba ko sau ɗaya, haka muka tsara.

Matsakaita su suka fi cin moriyar rabon. Da manya suka bar musu fili, sai ga ɗan shekara 13 yana busa usur, yana raba aiki, yana tsara wa ayarinsa na mutum shida zuwa takwas abin da za su dafa. Sun yi sansanin kwana biyu a harabar wata makaranta a bayan gari. Tuwon daren farko ya yi gudaji, na biyu ya ciwu. Da damina ta kankama sun dasa dogonyaro a gefen makabarta da bakin masallaci, kowane ayari da layinsa. Awaki sun cinye na layin da ba a kewaye da ƙaya ba, darasin da ba za su manta ba.

Manya su muka tura aikin taron jama'a, su kaɗai. A sallah ƙarama da babba sun taya gyara sahu a filin idi, sun raka tsofaffi, sun tsare yaran da suka ɓace har iyayensu suka zo. Ranar hawa ba mu bari ko ɗan kob ɗaya ya sa kaki ya tsaya kusa da dawakai ba, saɓanin shekarun baya. Sun kuma sami horon taimakon gaggawa daga wata ma'aikaciyar jinya cikin iyayen yara, kyauta. Su ne suka je Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri, suka yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Motar hayar da muka ɗauka ta lalace a hanyar dawowa, muka yi awa uku a bakin titi. Ba wanda ya yi kuka. Na tuna ranar Gubi na yi hamdala.

A ƙarshen mako na uku na Oktoba, lokacin da 'yan sikawut na duniya ke haɗuwa ta rediyo da intanet, 'yan Roba suka haɗa wayoyinsu suka ba manya da matsakaita dama suka gaisa da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Ranar 22 ga Fabrairu kuma, ranar haihuwar Baden-Powell a 1857, mun yi sharar magudanun unguwa.

Inda muka gaza

Rukunin manya yana zubewa. Ɗan shekara 16 yana da jarrabawar fita sakandare a gabansa, ko yana shagon ubangidansa a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, kuma Asabar ranar ciniki ce. Mun mayar da taronsu yammacin Juma'a bayan la'asar, an ɗan sami sauƙi, amma ba mu warke ba. Ina roƙon iyaye da iyayen gida su saki yaran nan na awa biyu a mako. Wannan ne fa shekarun da ake zuwa babban taron sikawut na duniya, domin 'yan 14 zuwa 17 kaɗai ake karɓa a matsayin mahalarta, kuma mai zuwa za a yi shi ne a ƙasar Polan a 2027. Ban ce muna da kuɗin jirgi ba, amma yaron da ya bar mu yana da sha biyar ko sunansa ba za a iya miƙawa ba.

Na biyu, rukuni huɗu na buƙatar jagorori ninkin na da. Mun kafa doka cewa babba ɗaya ba zai keɓe da yara shi kaɗai ba, dole su zama biyu, wannan ya sa wasu Asabar ɗin aka haɗa rukuni biyu dole. 'Yan Roba sun toshe wannan giɓi, Allah ya saka musu, amma kuskure ne mu mayar da su malamai zalla. Su ma matasa ne masu nasu shirin, kuma bana ba mu yi musu ko sansani ɗaya ba. Laifin kwamiti ne, mun karɓa.

Na uku, batun 'yan mata. Iyaye mata sun tambaya fiye da sau ɗaya. Tun 1910 aka buɗe wa mata tasu ƙungiyar a Ingila ƙarƙashin Agnes, ƙanwar Baden-Powell, kuma su ma bisa shekaru suke rabawa. Amsarmu ita ce a shirye muke, da sharaɗin a sami mata manya aƙalla biyu da za su karɓi horo su riƙe rukunin, da rana daban da wuri daban. Mace ɗaya ta ba da sunanta.

Kuɗi kuwa, tantuna biyu sun yage, tukunyar sansani ta huje, kuma yaran da suka ƙetare rukuni suna buƙatar sabon bajo. Mun buɗe akwatin tsofaffin kaki: wanda nasa ya yi masa kaɗan ya wanke ya kawo, ƙaninsa a runduna ya sa.

Sabuwar rajista za ta fara Asabar ta farko bayan an koma makaranta, a wurin taronmu, bayan sallar la'asar. Kowane yaro ya zo da mahaifi ko mariƙinsa, da duk wata takarda da ke nuna ranar haihuwa, ko da katin rigakafi ne na asibiti. Wanda ba shi da komai shi ma ya zo, za mu zauna mu ƙirga tare.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa