Kayan Kwantai Ba Abin Kunya Ba Ne, Amma a Tambayi Dalilin Arahar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna ƙasar Saudiyya, da kuma alhazai da masu zuwa Umara waɗanda ba sa komawa gida sai da tsaraba, a kan wani al'amari da na ga muna yi wa riƙon sakainar kashi, wato sayayya a shagunan da ke karyar da kayan da suka yi kwantai. Na shafe shekara goma sha ɗaya ina aikin sito a wani kamfanin sayar da kayan gida a Jidda, ni ne mai ƙirga abin da ya shigo da abin da ya fita, saboda haka abin da zan faɗa daga bayan kanta na gano shi.

Duk wanda ke riƙe da iyali a nan ya san yadda zama ya sauya. A watan Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗi a kan kowane mutum da baƙo ke ɗauke da nauyinsa, aka fara da riyal 100 a wata, ana ƙarawa shekara bayan shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku ke nan riyal 1,600 yake fitarwa kowane wata tun kafin a ɗora tukunya. Harajin sayen kaya, wanda ya shigo a Janairun 2018 a kan kashi 5 cikin 100, ya koma kashi 15 daga ranar 1 ga Yulin 2020. Ga kuma dangi a Kano da Katsina da Damagaram suna jiran saƙo, domin a wurinsu wanda ke ƙasa mai tsarki ba ya rasawa. A irin wannan hali, magidancin da ya ci gaba da sayen komai a kan cikakken kuɗinsa, a lokacin da kowa ke rububinsa, yana cutar kansa ne ba tare da ya sani ba.

Mutane da yawa sun ɗauka duk kayan da aka karya wa farashi yana da aibi. A sito na koyi cewa ba haka ba ne. Abin da ɗan kasuwa ya fi tsoro shi ne kaya su kwanta masa, domin kwalin da ke zaune a sito yana cin kuɗin haya, yana cin wuta, kuma ya danne jarin da ya kamata a ce yana juyawa. Idan ga sabuwar kwantena ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda kuma babu inda za a zuba ta, mai kamfani ya gwammace ya sallamar da tsofaffin kayan a kan uwar kuɗi, wani lokaci ma ƙasa da haka, da ya kama hayar wani sito. Da hannuna na sha liƙa sabon farashi a kan jerin tukwane masu kyau don kawai kwalinsu ya jiƙe a gefe ɗaya, ko don kamfanin da ya ƙera su ya sauya launin mariƙi ya fito da sabon samfuri. Akwai wanda aka ajiye a gaban shago don masu saye su gani har ya ɗan yi ƙura, akwai takalmin da ya saura lamba ɗaya tak, akwai rigar da yayinta ya wuce da wata uku. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai hana kaya yin aikinsa.

Larabawa suna da kalmomi biyu da ya kamata mai saye ya rarrabe. Idan ka ga an rubuta takhfidat, rangwame ne na ɗan lokaci, irin wanda ake yi a Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba, ko Ranar Kafuwa ta 22 ga Fabrairu, ko Farar Juma'a a watan Nuwamba, kuma bayan kwanakin farashi zai koma inda yake. Idan kuwa tasfiya aka rubuta, ana nufin share kayan gaba ɗaya, ko dai don an daina kawo irinsu ko don shagon zai rufe. A nan ne araha ta gaskiya take, kuma a nan ne haɗari ya fi yawa, tunda wanda ya sayar maka yau wataƙila gobe ka tarar da ƙofarsa a garƙame. Mun ga irin wannan da idonmu lokacin rusau na Jidda, daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022, sa'ad da unguwanni irin su Sabil da Kandara da Gulel da Karantina suka tashi, masu shaguna suna neman wanda zai kwashe kaya ko nawa ne kafin wa'adi ya cika. Hausawa na cewa faɗuwar wani tashin wani, amma ni dai ban ji daɗin yadda wasu suka riƙa taya kayan mutanen da ke cikin tashin hankali da abin da bai kai kuɗin dako ba. Neman sauƙi halal ne, matse wanda ruwa ya ci kuwa rashin tausayi ne, ko da ya ce ya sallama.

Abin da ya fi hana mutanenmu cin moriyar wannan kasuwa, a ganina, shi ne gudun kada a ce. Mutum yana jin nauyin a gan shi yana tona kwandon rangwame, ko a ji cewa kayan sallar 'ya'yansa na bara ne da aka karyar. Sai ya jira goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da ba a samun wurin taka ƙafa a kasuwar Bab Sharif ta Jidda ko kasuwar Utaibiyya ta Makka, ya saya da tsada, ya shiga Shawwal da bashi. Alhali duk wanda ya taɓa zuwa kasuwannin gwanjo da Larabawa ke kira haraj, irin su Sawarikh a kudancin Jidda ko Bin Ƙasim a Riyad, ya ga 'yan ƙasa da manyan motocinsu suna ciniki a kan riyal biyar babu ko kunya. Uwargidana ce ta koya mini sayen kaya a bayan lokacinsu. Kayan sallar yara takan saye su mako biyu ko uku bayan Sallah, ta ƙara lamba ɗaya a kan girmansu na yanzu, ta adana. Barguna da rigunan sanyi kuwa sai a watan Maris, sa'ad da zafi ya fara leƙowa kuma shaguna ke neman rabuwa da su, mu aika gida su jira hunturun Disamba.

Sai dai a lura, ba kowane mai araha ne kwantai ba. Shagunan nan da ake kira Abu Hamsa, inda kusan komai riyal biyar ne, yawancin kayansu tun daga masana'anta don wannan farashin aka yi su, ba wai masu tsada ba ne aka karyar. Suna da amfaninsu, ni ma ina sayen soso da maratayin kaya a can, amma wanda ya sayi abin cajin waya ko fulogi a irin wannan wuri yana tsammanin ya yi dabara, shi ake yi wa karin maganar araha ba ta ado. Haka kuma kasuwannin haraj wurare ne da sabo da tsoho da gyararre suke cakuɗe, sai mai ido. A wasu wuraren gwanjo na sha ganin dillali da yaransa a cikin taro suna ƙara farashi ba da niyyar saye ba, don su zuga baƙo ya hau. Wannan shi ne najashi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, kuma maganinsa ɗaya ne, mutum ya yanke iyakar abin da zai biya tun daga gida, idan an wuce nan ya juya.

Akwai kuma tasfiyar ƙarya. Na san wani shago a hanyata ta zuwa aiki da allonsa ke cewa ana share kaya za a rufe, yau shekara uku ke nan, allon har ya koɗe, shagon bai rufe ba. Dabarar ita ce a ɗaga farashi a takarda sannan a soke shi da jan alƙalami, a rubuta ainihin kuɗin kayan a ƙasa a ce an rage rabi. Doka a nan ba ta yarda da haka ba. Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta wa duk mai son yin rangwame ya karɓi lasisi ya kafa shi inda mai saye zai gani, kuma ya nuna farashin da da na yanzu a jikin kowane kaya. Ta kuma hana rubutun nan da aka saba gani na cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba a musanyawa, domin idan kaya na da aibi mai saye yana da haƙƙi. Ana kai ƙara ta lambar waya 1900 ko ta manhajar Balagh Tijari. Na san da yawa daga cikinmu ba sa son abin da zai haɗa su da hukuma, amma wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ke da rai kuma faturarsa, wato rasidin sayen kaya, na hannunsa bai kamata ya haɗiye zalunci ba. Abin da na saba yi shi ne in ɗauki hoton farashin abin da nake so da waya wata ɗaya kafin lokacin rangwame, in ya zo sai in gwada.

Tambayar da nake so kowa ya riƙa yi kafin ya zaro kuɗi ita ce, me ya sa aka karya wannan kayan, kuma zaman da ya yi a sito ya ci shi ko bai ci shi ba? Ni kaina, duk da aikina, na taɓa faɗawa. Na sayi takalmi sau ciki na fata a wata tasfiya a kan riyal 60, an soke 240 a jikinsa, na ajiye sai ranar Idi. Ban kai masallaci ba tafinsa ya fara marmashewa kamar busasshen ƙuli, na dawo gida ina jan ƙafa yara suna dariya. Irin robar da ake yi wa wasu takalma tafi da ita tana lalacewa idan ta daɗe a ajiye cikin zafi da laima, kuma Jidda ba ta rasa ko ɗaya daga cikin biyun. Haka batir yake mutuwa a cikin kwali, haka man shafawa da kayan kwalliya suke juyewa. Abincin gwangwani da ya rage wata biyu ya lalace ana iya saye idan za a cinye shi a cikin makon, amma madarar jarirai da magani ban ga dalilin yin caca da su ba. Tukunya da faranti da darduma da yadi da bargo kuwa, ko sun shekara biyu a sito, suna nan yadda suke.

Kayan wuta suna buƙatar magana ta musamman. Garantinsu, wanda ake kira daman a nan, shekara biyu ne mafi ƙaranci, kuma yana wuyan wakilin kamfanin da ya shigo da kayan, saboda haka ko shagon ya rufe ba a rasa inda za a je ba, muddin akwai fatura. A ɗauki hotonta tun a ranar, domin rubutun irin takardar nan yana gogewa cikin 'yan watanni. Ga masu kai kaya gida kuma, akwai abin da dillali ba zai gaya musu ba. Wutar Saudiyya tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar kuwa sau 50. Abin cajin waya da kwamfuta yawanci suna karɓar duka biyun, amma firji ko injin wanki ko fanka da aka rubuta wa 60Hz kaɗai, idan aka kai shi Kano zai riƙa juyawa a hankali yana ɗaukar zafi, ƙarshenta ya ƙone, ga shi garantin bai bi shi ya ƙetare Bahar Maliya ba. A juya bayan kayan a nemi inda aka rubuta 50/60Hz. Sannan alhaji ya haɗa da kuɗin awo a lissafinsa, domin na ga wanda ya biya wa bargo kuɗin jirgi fiye da kuɗin sayensa, bargon da aka ƙera a Sin, wanda irinsa ke jibge a kasuwannin Kano.

Ba zan ɓoye ba, a gidana akwai injin gasa burodi da ya shekara huɗu a kwalinsa a saman kabad. An rage masa kashi 70 cikin 100 ne na kasa wucewa, alhali mu gurasar da ake kira tamis muke saye a bakin layi kowace safiya. Yanzu da manhajojin biya kashi-kashi irin su Tabby da Tamara suka yawaita a wurin biyan kuɗi, irin wannan jarabar ta ƙara sauƙi, domin riyal 400 da aka raba gida huɗu ba ya yi wa ido nauyi sai wata ya ƙare an tarar da irinsa uku suna jira. Tun daga kan injin nan muka sa wa kanmu ƙa'ida a gida, akwai takarda a manne jikin firji da muke rubuta abin da za mu buƙata cikin wata shida masu zuwa, abin da ba ya cikinta ba a saye ko kyauta ya kusa zama.

Wata dabarar da muka samu ta yi mana amfani ita ce haɗa hannu. Mu gida huɗu ne 'yan gari ɗaya a unguwarmu, kowane wata muna ajiye riyal 50 kowanne a hannun dattijon cikinmu, kamar adashe amma ba mai kwasa. Idan ɗayanmu ya ji labarin sito ko shago da ke share kaya, sai mu je tare mu ɗauki katan guda maimakon ɗai-ɗai, domin mai tasfiya ya fi sassauta wa wanda zai rage masa kaya da yawa a tashi ɗaya. Da haka muka yi wa 'yar ɗayanmu kayan ɗaki na aure bara, tukwane da kuloli da labule da kafet, ba tare da mahaifinta ya ci bashin kowa ba, kuma ranar jere babu wadda ta iya nuna wanda ya fito daga kwali mai yagewa.

Ina roƙon Malam Edita, idan lokacin aikin Hajji ya matso, ya sake buga bayanin nan na wutar lantarki a shafin da maniyyata suka fi karantawa, ko malaman bita za su gani su faɗa wa mutanensu kafin su taso.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani ma'aikacin sito,
Jidda, Saudiyya.