Masu haɗa mana fotal, ku ajiye mai gadi a kowace ƙofa

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu, akwai abin da ya tsaya min a rai tun watan jiya kuma na ga gara in faɗe shi kowa ya ji.

Ni dai sana'ata haɗa manhajojin intanet ce. Kwanaki wani mai makarantar kuɗi a garinmu ya kira ni in duba masa fotal ɗin makarantar, wato shafin intanet ɗin da ɗalibai ke shiga duba sakamako, wanda wani yaro ya haɗa masa, wai yana maƙalewa duk lokacin duba sakamako. Suka ba ni asusun ɗalibi ɗaya na shiga, sakamako ya fito lafiya lau, sai idona ya kai kan adireshin da ke saman burauza na ga ya ƙare da lamba 214. Na goge 4 na sa 5. Wallahi Malam Edita sai ga sakamakon wata yarinya daban, da hotonta, da lambar wayar babanta, har da bashin kuɗin makarantar da ake bin su. Ban tsaya nan ba, na fita daga asusun gaba ɗaya na liƙa adireshin a sabon shafi, nan ma ya buɗe min ba tambaya ba komai.

Kuma yaron nan fa ya iya zane, shafin shigar gwanin kyau, ga tambarin makaranta ga launi, kawai dai ya ɗauka tunda ya ɓoye maɓalli shi kenan babu mai isa ciki. Ƙofar ƙarfe ya sa a gaba, baya ko zana bai kafa ba.

Abin da da yawa ba su gane ba shi ne sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan fotal ɗin tana amsa buƙatun masu shiga, ba ta tuna fuska. Duk buƙatar da wayarka ta aika mata baƙuwa ce a wurinta, ko da daƙiƙa biyu da suka wuce ka saka kalmar sirri. Shi ya sa in ka shiga take ba ka tokin. Kamar dai katin nan da mai tsaron babura yake ba ka a bakin kasuwa ne, in ka dawo ba ruwansa da sunanka, katin zai duba. To a manhaja mai duba katin shi ne abin da 'yan kod ke ce wa midilwaya, wato ɗan kod ɗin da ke zaune a zaure tsakanin buƙatarka da ɗakin da kake son shiga. Zai ciro tokin ɗin daga kan buƙatar, ya duba ko sa hannun sabar ne da gaske, ya duba ko lokacinsa bai ƙare ba, in da matsala ya mayar da kai da lamba 401, in babu ya ce wuce. A Express ko Laravel, kayan aikin da ake gina manhaja da su, wannan bai fi 'yan layuka ba, ba wani tashin hankali ba ne.

Amma ga inda ake yawan zamewa. Mai gadi ya tabbatar kai ɗalibi ne, wannan bai nuna fayil na 215 naka ba ne. Tambaya biyu ce, wane ne kai, sannan abin da kake nema kana da iko da shi? Ta biyun in amsarta a'a ce lambarta 403. Ƙungiyar OWASP da ke fitar da jerin manyan ramukan tsaro guda goma, a jerinta na 2021 wannan matsala ta barin mutum ya taɓa abin da ba nasa ba ita ta sa a lamba ɗaya, ka ga ashe ba yaranmu kaɗai ba ne.

Sai maganar JWT, irin tokin ɗin da kowa ke rububi yanzu, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 2015. Kashi uku ne da ɗigo a tsakani, kana ganinsa kamar rubutun aljanu amma wallahi ba a kulle yake ba, duk wanda ya samu zai iya warware na tsakiyar ya karanta cikin minti ɗaya. Sa hannun yana hana a canza abin da ke ciki ne kawai, ba ya hana a gani. Na taɓa ganin wanda ya cusa lambar NIN a ciki, na riƙe baki. Wani kuma makullin sa hannun nasa 123456 ne kuma ya ɗora shi a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye kod ɗinsu, tare da sauran kod, to ai ka ba ɓarawo hatimin gidanku, zai buga wa kansa katin shugaban makaranta ya shigo da sallama. Wasu kuma tokin ɗinsu ba ya mutuwa, na bara ma yana aiki. Ka ba shi minti goma sha biyar ko awa ɗaya mana, ka haɗa da na sabuntawa, wato tokin na biyu da ake karɓo sabo da shi, don in an sace ya zama na ɗan lokaci ne.

Kar wani ya ce ai ƙaramar makaranta ce wa zai kula. Manya ma sun ji a jikinsu. A 2018 an sace tokin na mutane wajen miliyan 30 a Facebook, sai da kamfanin ya fitar da asusu miliyan 90 ya sa su sake shiga. A 2022 kamfanin sadarwa na Optus a Ostireliya ya zubar da bayanan mutane kusan miliyan 10, ta wata ƙofa da aka bari a buɗe a intanet ba mai gadi, irin dai ta fotal ɗin nan namu.

Ni shawarar da nake ba ƙannena masu tasowa ita ce ku fara da kulle komai, ku ɗora mai gadin a kan duka hanyoyin lokaci guda sannan ku buɗe 'yan kaɗan da gangan kamar shafin shiga da na rajista. In ka ce ɗaya bayan ɗaya za ka bi kana sawa, ranar da ka ƙara sabuwar hanya ƙarfe biyun dare ga NEPA sun ɗauke wuta ga mai aiki yana ta kira, ranar za ka manta.

Su kuma iyayenmu masu makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin adashi, ku daina neman na araha kawai. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanai a Najeriya kuma akwai hukumar kare bayanai ta NDPC, nauyin bayanan 'ya'yan mutane yana wuyanku ne. Kafin ku biya cikon kuɗi ku sa a gwada a gabanku, a canza lambar nan ta adireshi a ga abin da zai fito, a fita daga asusu a sake gwadawa.

Gyaran dai kwana biyu ya ɗauke ni. Da na gama mai makarantar ya ja ni gefe ya ce, to Malam, kafin yanzu wani ya kwashi bayanan nan? Na ce Alhaji babu yadda za a gane, don fotal ɗin ko rajistar masu shige da fice ba ya ajiyewa, kuma shekara biyu kenan yana a haka.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani mai haɗa manhaja, daga Zariya