Wa zai zana mana ɗakin Iya?

Malam Edita, assalamu alaikum, don Allah a ba ni ɗan fili.

Ƙanwata ce ta nuna min wasu zane-zane a wayarta, aikin wata Balarabiya 'yar Jidda, Safiya Binzagar, wadda ta rasu a watan Satumba na 2024, Allah ya jiƙanta. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. An haife ta a 1940, ta tashi a Alƙahira, da ta dawo gida sai ta tarar tsohuwar Jidda na neman ɓacewa, shi ne ta riƙa bin tsofaffin mata tana tambayarsu yadda ake shirya amarya, yadda ake ɗaura kaya, sannan ta zauna ta zana. A 1968 ita da Munira Mosili suka baje zanensu a wata makarantar 'yan mata a Jidda, lokacin da mace mai zane abin mamaki ce a Saudiyya. Akwai wanda ta yi a 1969 mai suna Zabun, mace ce zaune kan kujera cikin kayan gargajiyar Hijaz, yankin su Makka da Jidda, ba ta yin komai, amma wallahi kana ganinta ka san matar gida ce mai daraja.

To ni abin da ya dame ni namu ne. Ɗakin kakata, Iya, jeren kwalla da tasoshi tun daga ƙasa har kusa da rufi, ga ƙore da faifai a bango, ga zanen saƙi a ninke cikin adaka yana ƙamshin turaren wuta. Da ta rasu aka raba kayan, wasu aka ba 'yan gwangwan. Ko hoto ɗaya babu. Dutsen niƙanta yanzu kaji ke shan ruwa a kai, kowa inji yake kai wa, lugude kuwa yaranmu sai dai su ji labari, kuma namiji mai kyamara ba zai shiga cikin gida ya ɗauko wannan ba, sai mace 'yar gida.

Akwai yarinyar maƙwabta 'yar firamare da ke zana uwarta tana kitso a bayan littafin lissafi, kullum faɗa ake mata wai ɓarnar takarda. Ina roƙon malamai da iyaye su daina kashe wa irinsu gwiwa. Ni dai ranar kasuwa na sayo mata fensir mai kala da littafi, na ce ta fara da turmin gidanmu kafin ya tsage.

Taku,
Wata mai karatu daga karkarar Ringim, jihar Jigawa