Zuwa ga Idi, a Abijan

Tawa, daren Lahadi

Assalamu alaikum Idi, sarkin barci. Ina gajiya, ina baƙunta, yaya amarya da yara? Wata 7 ke nan rabona da jin muryarka, sai hotunanka da nake gani a WhatsApp, tumbi ya fito kamar na ɗan kasuwar albasar Galmi. Abin da ya sa na ɗauki biro: littafin nan mai jan bango da muke rubuta wasanninmu na samariya, ƙungiyar matasan zamanin shugaba Kunce, yana wurinka ko ka bar shi a gida?

Ga dalili. Wata gidauniyar raya al'adu daga Yamai ta buɗe ajin teyatur, wato wasan kwaikwayo, da rawa da zane a nan, a gidan matasa, kuma ni suka ba yaran teyatur. Yara 26 gare ni, duk Laraba da yamma da Asabar, lokacin da babu lakwal. Kyauta ake koyarwa, gidauniyar ce ke biyan mai kalangu da kuɗin alli da fenti. Idi, ranar farko da na ce su yi da'ira su tafa, sai da hawaye suka zo mini. Tun bayan rasuwar Kunce a 1987 da samariya ta yi sanyi ban ƙara jin wannan abin a ƙirjina ba. Yaran nan ba su taɓa ganin ɗan wasan kwaikwayo Yazi Dogo a talabijin ta ƙasa, Télé Sahel, ba. Na tambaye su wane ne Mustafa Alasan, mutum biyu kaɗai suka ɗaga hannu, alhali a garin nan ya zauna yana zana fina-finansa har ya rasu a 2015. Ka dai ji a 2024 an sa sunansa ga tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar (CCFN) ta Yamai.

Af, Hajiya Kulu ta aurar da autarta, an yi biki na kece raini. Kuma mai shayin bakin tasha har gobe yana tambayar dala ashirin ɗinsa. Ka ji tsoron Allah ka aiko.

Abin da ke hana ni barci yarinya ɗaya ce, shekararta 12. Ka ba ta jimla guda, sai ta mayar da ita abin da ba ka yi zato ba. Ranar nan ta kwaikwayi tsohuwa mai sayar da fura tana faɗa da Bafulatanin da ya kawo mata nono, har mai gadi ya bar ƙofa ya zo kallo. Wannan yarinya da ta yi shiru a aji wata biyu! To, makon jiya babanta ya hana ta zuwa, ya ce ƴarsa ba za ta zama ƴar rawa ba. Ban ga laifinsa duka ba, ka san yadda ake kallon harkar nan, mu ma an kira mu ƴan iska a da. Na je gidansa bayan la'asar, muka zauna a zaure. Na ce masa wasan da muke shiryawa kan taubasantaka ne, abin da shi kansa yake yi da Zabarmawan kasuwa kullum, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar tun 2014. Na roƙe shi ya zo ya zauna a bayan aji ya gani da idonsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma ya rako ni har bakin titi.

Idan ta dawo, ita zan ba babban matsayi a wasan ƙarshen shekara. Mutanen gidauniyar sun ce ƙungiyar da ta fi za a kai ta Yamai, dandalin wasanni na Umaru Ganda. Ka tuna yadda ƙafarka ta yi ta rawa a can har ka manta maganarka, ka shiga ta sarki? Ina ba yara labarin, amma na rufa maka asiri, ban faɗi suna ba.

Laraba ce zan san matsayar baban. Na ajiye masa kujera kusa da taga, inda iska ke shiga. Ka taya ni da addu'a, ka gaishe da duk Adarawan da ke unguwar Ajame.

Naka har kullum,
Mamman