Wasiƙa Ga Abokan Cinikinmu Masu Ofisoshi a Legas

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, da fatan kuna lafiya, ku da iyalai da ma'aikatanku.

Muna sanar da ku cewa daga yanzu mun daina yin teburin shugaba, ƙofofi da kabad da matsattsen katakon nan da ake kira MDF. Duk mai ofis a Victoria Island, Ikoyi ko Lekki ya san halin iskar teku. Damina a nan takan kama tun Afrilu ta kai Oktoba, kuma ko da rani iskar ba ta bushewa irin ta Kano ko Katsina. Shi MDF garin katako ne aka kwaɓa da gam aka danne. Da zarar ya sha laima sai gefensa ya kumbura, fatar da aka manna masa ta fara ɓarewa, sukurori su saki, ƙofar kabad ta rinƙa reto. Abin ya fi tsanani a ofishin da ake kashe esi ranar Juma'a da yamma a kulle sai Litinin. Araha ba ta ado, kuma ba ma son baƙonku ya shigo ya ga haka.

Iroko da maɗaci za mu riƙa amfani da su, waɗanda suka bushe sosai kafin a sa musu zarto. Mariƙan ƙofa kuma na tagulla ko ƙarfe mara tsatsa, domin gishirin iska cin baƙin ƙarfe yake.

Da yawanku kuna tambayar yadda ake haɗa ƙasaita irin ta da da tsarin zamani. Mu dai a ganinmu, abin da hannu ke taɓawa ya zama na gargajiya: katako mai nauyi, kujerar fata, ƙofa mai lanƙwasa a sama irin bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya. Dagin Arewa guda ɗaya a bango bayan kujerar mai gida ya isa. Idan aka cika ɗaki da shi da ruwan zinariya, ido gajiya yake. Zamani kuwa ya shigo ta shingen gilashi mai barin haske ya ratsa, fitilun LED da aka ɓoye a silin, da wayoyin kwamfuta da intanet da ke bi ta cikin tebur ba a ganinsu. Wurin salla da na alwala tun a zanen farko muke ware su, mu daidaita alƙibla, wadda daga Legas take gabas ta karkata arewa.

Gaskiya kuɗin aiki zai ɗan ƙaru, lokacin kammalawa ma haka, don katako ba a yi masa gaggawa. Waɗanda muka riga muka yi ciniki da su, farashinsu na nan yadda aka yi alkawari. Mai son ganin samfuri ya biyo ta shagonmu a Agege ya taɓa da hannunsa.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwancinku.

Naku,
Shugaban kamfani, a madadin kafintoci da sauran ma'aikata